Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya kan matan da suka yi ɓari

Zuwa ga Mai girma Ministan Lafiya da Walwalar Jama'a na Tarayyar Najeriya, Farfesa Muhammad Ali Pate.

 

A watan Nuwamban 2024 Mai girma Minista ya tsaya a Abuja ya sanar da cewa matan da ba su da hali za a riƙa yi musu tiyatar haihuwa kyauta. Labarin ya zaga gidajen rediyo, kuma ya cancanci ya zaga. Duk wanda ya taɓa ganin magidanci yana safa da marwa a ƙofar ɗakin tiyata, waya a kunne, yana neman wanda zai ranta masa kuɗi, ya san irin nauyin da aka yi niyyar saukewa. Wannan wasiƙa maganar wata mace daban ta kawo, wadda cikinta bai kai wata tara ba, bai ma kai huɗu ba. Ita ce wadda ta tashi da asuba ta ga jini, ta ƙi faɗa wa kowa har azahar saboda cikin ma ba a riga an sanar da shi ba, sai da mara ta murɗe sannan ta aika yaro ya kira mata maƙwabciya.

Irin wannan mace tana da yawa. Mujallar likitoci ta Lancet ta tattara alƙaluman duniya a 2021, ta nuna cewa cikin kowane ciki 100 da aka san da shi, kusan 15 ɓarewa suke yi. Ɓari miliyan 23 ke nan a shekara, 44 a kowane minti. Mafi yawansa a watanni ukun farko yake aukuwa, kuma kusan rabin wannan ɓari na wuri daga halittar ɗan tayin yake tun farko: ƙwayoyin gadonsa ba su jeru daidai ba, sai girmansa ya tsaya. Daka ba ta kawo shi ba, ɗaukar tulu bai kawo shi ba, balle hannun kishiya da ake yawan ɗora wa laifi. A Arewa maso Yamma, inda binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mace kan haifi 'ya'ya shida zuwa bakwai, da wuya a shiga babban gida a rasa wadda ta taɓa ɗanɗana shi.

Idan aka tabbatar ciki ya lalace, hanyoyi uku ne a gaban mace. Ko ta jira jikinta ya fitar da shi da kansa, ko a ba ta ƙwaya ta sa mahaifa ta matse ta turo abin da ya saura, ko a yi mata wankin ciki. Mai girma Minista likita ne, ba a koya masa wannan. Abin da ake so ya duba shi ne wanda ke zaɓa wa mace ɗaya daga cikin ukun a asibitocin da ke ƙarƙashin kulawarsa, da kuma dalilin da ake dogara da shi.

Shekaru da dama likitocin duniya sun ɗauka wankin ciki dole ne, don tsoron kada abin da ya saura ya ruɓe ya zama ajali. Wani gwaji da aka yi a asibitoci bakwai na kudu maso yammacin Ingila, aka wallafa a 2006, shi ya sassauta wannan tsoro. Mata 1,200 masu cikin da bai kai sati 13 ba aka raba gida uku, kowane gida da hanyarsa. Da aka ƙirga waɗanda ƙwayoyin cuta suka shiga mahaifarsu, sai aka tarar biyu ne zuwa uku cikin 100 a kowane gida, ba wani bambanci. Aka ci gaba da bibiyar matan har shekara biyar, aka ga kusan takwas cikin goma sun haihu, ko da wace hanya aka bi da su. Wannan sakamako na biyu ya kamata a ce kowace ungozoma a ƙasar nan ta haddace shi, domin tambayar farko da mace ke yi bayan ɓari, ko ta furta ko ta bar ta a zuci, ita ce ko za ta sake samun wani.

Jira ma iri-iri ne. Wani bincike da aka yi a Landan a 2002 ya nuna cewa idan cikin ya riga ya fara fita, saura ne ya maƙale, tara cikin goma na masu jira jikinsu kan ƙarasa aikin ba tare da an taɓa su ba. Idan kuwa ɗan tayin ya mutu ne a ciki bakin mahaifa yana rufe, ba jini ba ciwo, abin ya fi jan lokaci: bayan sati biyu, kusan shida cikin goma ne kaɗai suka rabu da shi. Da irin waɗannan hujjoji hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce a fara ba mace damar jira na kwana 7 zuwa 14, in ta yarda, sannan ta yi gwajin fitsari bayan sati uku.

To, a nan ne ya kamata mai ɗauko ƙa'ida daga waje ya karanta ta har ƙarshe. A wancan gwaji na Ingila, kusan rabin matan da aka ce su jira sun koma asibiti an kwantar da su ba shiri, kuma 44 cikin 100 daga ƙarshe sai da aka yi musu wankin. Jiran bai cutar da su ba saboda akwai lambar da za su kira, akwai mota, akwai gado, akwai jini a firji. Ita kanta NICE ta ware matan da ba a so a bar su su jira: wadda ake tsoron jini zai ɓalle mata, wadda ke da alamar ƙwayoyin cuta sun shiga, da wadda ba za a iya yi mata ƙarin jini ba. A Ingila wannan rukuni na ƙarshe 'yan tsiraru ne. A ƙauyen da ke bayan gulbi a Kebbi, ko a rugar da ke da tafiyar awa biyu a kan babur kafin a hau kwalta a Yobe, kusan kowace mace ta faɗa cikinsa da zarar rana ta faɗi. A haɗa da cewa binciken 2018 ya sami kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekarun haihuwa da ƙarancin jini. Zubar jinin da mace mai ƙoshi za ta jure ta tashi ta ɗora tukunya, ita za ta iya kayar da wadda zazzaɓin cizon sauro da haihuwa a kai a kai suka riga suka tatse.

Saboda haka abin da ake kira jira a karkara sau da yawa rashin mafita ne kawai. Ba wanda ya duba ta ya ce jikinki zai iya, ga alamomin da in kin gani ki taho. Maigida ba ya gari, ba a fita sai da izininsa. Ko yana nan, kuɗin mota sai ranar kasuwa. Ana jiƙa saiwa, ana dama kunun kanwa, ana canza ƙunzugu, har sai ta miƙe jiri ya kwashe ta. Mai wannan wasiƙa ba ya ganin laifin tsohuwar da ke jiƙa saiwar, don abin da ke hannunta ke nan. Tambayar tana kan ƙaramin asibitin da ke kusa da su: in an kai ta, me za a tarar a kabad?

Abu na farko da ya kamata a tarar shi ne misoprostol. Wani kamfanin Amurka ne ya fito da ƙwayar don maganin gyambon ciki, daga baya aka gano tana sa mahaifa ta matse. Najeriya ba baƙuwarta ba ce: a 2006 ta yi mata rajista don tsayar da jinin bayan haihuwa, kafin sauran ƙasashe su bi sahu. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin magungunan da ba a so a rasa don kula da ɓarin da bai gama fita ba. Kuma an gwada ta a ƙasarmu da maƙwabtanmu, ba a Turai kaɗai ba. Wani bincike da aka wallafa a 2012 ya haɗa mata 860 daga Najeriya, Nijar, Burkina Faso, Senegal da Muritaniya. Wasu aka sa musu ƙwayar a ƙarƙashin harshe sau ɗaya tak, sauran aka yi musu wankin ciki. Cikin masu ƙwayar, kusan 94 cikin 100 sun warke ba tare da an sa musu wani ƙarfe ba. A Yuganda kuma, a 2015, aka gwada ko ungozoma za ta iya gano irin wannan ɓari ta ba da ƙwayar kamar yadda likita zai yi. Aka tarar sakamakon nasu kusan ɗaya ne, 96 da 97 cikin 100.

Wannan batu na ungozoma ba sabo ba ne a wurin Mai girma Minista. Shi ne ke shugabantar hukumar kula da lafiya a matakin farko a 2009 lokacin da aka ƙaddamar da shirin tura ungozomomi karkara, sababbin fitowa da waɗanda suka yi ritaya, hurhuɗu a kowane ƙaramin asibiti. A 2014 Ma'aikatar Lafiya ta fitar da manufar raba ayyuka, wadda ta yarda ma'aikatan ƙasa da likita su ɗauki wasu ayyukan ceton rai. Takardun suna nan. Abin da ya rage shi ne ungozomar da ke Gwaram ko Illela ta san a rubuce cewa kula da mai ɓari aikinta ne, an horar da ita a kai, kuma ba wanda zai tuhume ta don an ga ƙwayar a teburinta.

Sai dai ƙwaya ma sai mai kyau. Misoprostol tana shan danshi kamar gishiri da damina, da zarar iska ta shiga fakitinta ƙarfinta ya fara tafiya. Shi ya sa masana ke cewa a sayi wadda aka rufe da gwangwanin alminiyom gaba da baya, a guji mai leda a fuska ɗaya. Wani bincike da aka yi tare da NAFDAC, aka wallafa a 2018, ya auna magungunan haihuwa da ke yawo a ƙasar nan, ya tarar kashi ɗaya cikin uku na misoprostol ba su cika ma'auni ba. Allurar oxytocin, mai tsayar da jinin bayan haihuwa, ta fi muni, kusan uku cikin huɗu. Idan ungozoma ta ba mace ƙwaya ta ce ta koma gida komai zai fita, sati ya zagayo ba abin da ya fita, an yi asarar abu biyu: lafiyar wannan matar, da yardar duk matan unguwarsu. Gobe ko an kawo mai kyau ba za su karɓa ba.

Akwai kuma bambancin da bai kamata a tsallake ba. Wancan kashi 94 na ɓarin da ya riga ya fara fita ne. Ga cikin da ya mutu bai motsa ba, misoprostol ita kaɗai ba ta kai haka. A Amurka a 2018 an gwada fara ba da wata ƙwayar, mifepristone, kwana ɗaya kafin nan, nasara ta tashi daga 67 zuwa 84 cikin 100. Wani gwaji a asibitoci 28 na Birtaniya a 2020 ya ƙara nuna haɗin biyun ya fi rage masu ƙarewa a ɗakin wanki. Ya dace ƙa'idar jinya ta ƙasa ta yi magana a fili a kan wannan, maimakon a bar kowane likita da abin da ya tsinta.

A birni matsalar juyawa take yi. A nan gaggawa ce ta yi yawa. Mace ta je da ɗigon jini, an ɗora mata na'urar hoto a ciki, an ce ba bugun zuciya, kafin la'asar an kai ta ɗakin wanki. Ba a ce mata akwai jira ba, ba a ce akwai ƙwaya ba. Wani lokaci maigidan ne ma ke cewa, "Likita a wanke mata kawai a huta." Mata da yawa su ma sun yi imani cewa in ba a wanke ba datti zai zauna ya toshe haihuwa, har wadda cikinta ya fita tas sai ta nemi a wanke ta. A asibitin kuɗi kuwa, ba sai an yi dogon lissafi ba kafin a gane wace hanya ce ta fi kawo shiga tsakanin wanki, ƙwaya da "je ki dawo bayan sati biyu". Ba duka likitoci ne ke bin wannan lissafi ba, amma tsarin da ya bar shi a buɗe yana bukatar gyara.

Hoton kansa abin a tsaya a kai ne. A 2011 masu bincike a Landan suka nuna cewa ma'aunin da ake amfani da shi a lokacin zai iya sa a yanke wa ciki mai rai hukuncin mutuwa. Nan take ƙungiyar likitocin mata ta Birtaniya ta canza ƙa'ida: ba a cewa ciki ya lalace sai tsawon ɗan tayi ya kai milimita 7 ba bugun zuciya, ko jakar da yake kwanciya ta kai milimita 25 ba kowa a ciki. In akwai shakka a sake dubawa bayan sati guda, in kuma ta saman ciki aka ɗauki hoton, bayan sati biyu. A garuruwanmu ta saman ciki ake ɗaukar mafi yawan hotuna, a shagunan da ba kowa ya san wanda ya horar da mai riƙe da na'urar ba. Ga shi mata da yawa kan yi ciki suna goyo, al'ada ba ta dawo ba, ba su da ranar da za a ƙirga daga gare ta. Cikin sati biyar da aka ɗauka na sati takwas ne, dole a gan shi kamar wanda ya tsaya. Mace da ke cikin hayyacinta, jini bai tsananta ba, ba abin da za ta rasa in an ce ta dawo a sake dubawa.

Hoto na biyu yana da wani amfani da littattafan Turai ba su san da shi ba. Idan aka ce wa mace ɗan cikinta ya mutu alhali ba ta ga jini ba, ba ta ji ciwo ba, tana komawa gida uwar miji za ta ce kwanciya ya yi, zai tashi, ga wance ma nata ya yi shekara a kwance. Maganar kwantaccen ciki tsohuwa ce a ƙasar Hausa, tsawa ba ta kawar da ita. Amma in an ba iyali sati biyu, aka sake dubawa a gaban wanda suka yarda da shi, aka nuna musu awon farko da na biyu ba ƙari, sun fi saurin sallamawa. Wannan sati biyun ya kare mace daga kuskuren mai hoto, ya kuma kare ta daga zargin cewa ta bari an cire mata ɗa mai rai.

Idan wanki ya zama dole, kuma sau da yawa yakan zama, kamar ga wadda jini ya ɓalle wa, ko mai zazzaɓi da wari, ko wadda kawai ta ce ba za ta iya kwana da mataccen ciki ba, to da me za a yi shi? Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da cewa a daina kankare mahaifa da ƙarfe, a koma zuƙowa. Ƙungiyar likitocin mata ta duniya, FIGO, ta faɗi haka a 2011. Na'urar zuƙowar, wadda ma'aikatan asibiti ke kira MVA, babban sirinji ne mai cin mililita 60 da siririn bututun roba mai laushi, irin wanda Harvey Karman ya ƙirƙiro a Amurka a farkon shekarun 1970. Ba ta bukatar lantarki, ba ta bukatar a sumar da mace, aikin minti goma ne zuwa sha biyar, ta huta ta koma gida a ranar. A wani babban gwaji na 2005 zuƙowa ta yi nasara a kan 97 cikin 100. Duk da haka ƙarfen kankara bai bar wasu ɗakunan wanki ba, ko don sirinjin ya tsufa ba a sayi wani ba, ko don da ƙarfen mai aikin ya koya.

Illar ƙarfen ba a ranar take bayyana ba. A 1948 wani likita mai suna Joseph Asherman ya yi bayanin matan da bangon mahaifarsu ya manne da juna bayan kankara, al'ada ta ragu ko ta ɗauke, ciki ya ƙi zama. Wani nazari na 2014 ya tarar kusan mace ɗaya cikin biyar da aka leƙa mahaifarta bayan ɓari tana da wani abu na wannan mannewa. Galibi mai sauƙi ne, amma haɗarin yana ƙaruwa da yawan kankarar da aka yi mata. A al'ummar da zaman aure ke girgiza in shekara uku ta wuce ba goyo, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Matar za ta zaga masu magani, a ce sanyi ne, a ce iska ce, ba wanda zai tuna da wankin da aka yi mata shekarun baya.

Sai maganar zafi. Ba a son a faɗa, amma mata suna faɗa wa junansu a gidan biki da gidan suna: an yi mini wanki ido biyu, ba allura, ana cewa ki daure saura kaɗan. Wata har da gori ake haɗa mata. Allurar kashe zafi da ake yi a gefen bakin mahaifa da ƙwaya irin su ibuprofen ba su da tsada, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa ba da su. Mace ɗaya da aka yi wa wanki tana ihu ta isa ta hana mata goma zuwa asibiti, su gwammace su zauna a ɗaki da jininsu.

Wani abin da ke korar su shi ne kallon tuhuma. Dokar Penal Code a Arewa da Criminal Code a Kudu sun hana zubar da ciki sai don ceton ran uwa, wannan sananne ne. Amma ba dokar da ta hana kula da macen da ke zubar da jini, ko mene ne sanadinsa, kuma sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa. Duk da haka ƙaramar yarinya ko bazawara in ta zo da jini, tambayar "me kika sha?" kan riga awon jini. Matar aure ma ba ta tsira ba in ta zo ba miji a bayanta. Tsoron kada a ce suna taimaka wa masu zubarwa yana sa wasu shugabannin ƙananan asibitoci kulle sirinjin da ƙwayar, mabuɗi a aljihun wanda ya tafi gida. Takarda guda daga ofishin Minista, mai bayyana cewa kula da mai ɓari wajibi ne dare da rana, za ta buɗe kabad da yawa.

Ita wannan doka ta 2014, a sashe na 23, ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da mara lafiya hanyoyin magani da ake da su, amfaninsu, haɗarinsu da kuɗinsu, cikin harshen da yake fahimta. Ga mai ɓari, wannan zaman minti biyar ne da ita kanta, ba da mijinta kaɗai a baranda ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Wata za ta ce a bar ta ta jira, ba ta son a taɓa ta, gidanta na bayan asibiti. Wata malamar makaranta ce, tana son a gama yau. Wata daga nesa aka kawo ta, jininta ya yi ƙasa, damina ta cinye hanya; ita wannan gaskiyar da za a faɗa mata ita ce jira bai dace da ita ba, a gama mata kafin ta tafi. A kuma tabbatar ba ciki ne a wajen mahaifa ba, don shi ba ya cikin wannan zaɓi ko kaɗan, fashewa yake yi ya kashe. A duba rukunin jininta, don 'yan kaɗan ɗin da ke bukatar allurar anti-D su samu. In ta nemi abin da aka fitar don a binne, a ba ta cikin mutunci.

Wadda ta zaɓi jira ko ƙwaya kuwa kada ta fita hannu rabbana. Kati guda ya isa, da Hausar boko da ajami da hotuna, da sauran harsunan ƙasa: in kina jiƙa auduga biyu a awa guda har awa biyu a jere, in zazzaɓi ya zo, in abin da ke fita yana wari, in jiri na ɗibar ki, in ciwo ya tsaya a gefe guda, ki taho ko tsakar dare ne. A ƙasan katin a rubuta lambar wayar da za a ɗauka, da ta direban da ke cikin shirin ɗaukar masu naƙuda na ƙungiyar direbobi ta NURTW a inda shirin yake aiki. A karanta wa maigida katin shi ma, a nemi izininsa na fita tun a lokacin, don kada a tsaya neman sa a waya ranar da jini ya ɓalle.

Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2023 mata kusan 75,000 suka mutu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Ma'aikatar Minista da kanta ta ware ƙananan hukumomi 172 da ta ce su ke ɗauke da fiye da rabin wannan asara, ta kafa shirin rage mutuwar mata masu ciki, MAMII, dominsu. A can ya kamata a fara. Asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar 2014 ta ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, yana isa dubban ƙananan asibitoci. Abin da ake roƙo shi ne a ambaci kula da mai ɓari da sunansa cikin abin da asusun da hukumar inshorar lafiya ke biya, a kuma shelanta shi a rediyo kamar yadda aka shelanta tiyatar haihuwa, yadda magidanci a Ningi ko Bunza zai san ba sai ya sayar da akuya ba kafin a taɓa matarsa. Ƙwayar, sirinjin, allurar kashe zafi da katin duka ba su kama ƙafar kuɗin tiyata guda ba.

Daga ƙarshe, a ƙirga. Rajistar asibiti ta riƙa nuna mata nawa suka zo da ɓari a wata, nawa suka jira, nawa aka ba ƙwaya, nawa aka zuƙe, nawa aka kankare, nawa aka ba maganin zafi. Asibitin da rajistarsa ta nuna kowace mace wanki aka yi mata, akwai tambayar da zai amsa. Wanda ya nuna ba a taɓa yi wa kowa komai ba sai turawa gaba, shi ma haka. Idan Mai girma Minista ya zo taron bitar ayyukan lafiya na shekara mai zuwa, ana fatan a ji waɗannan alƙaluma daga bakinsa, jiha bayan jiha.